Ɗan Manomin Auduga a Kujerar Kakaki: Ziyara Garin Sam Rayburn

Duk mazaunin arewacin Dallas ya san sunan Sam Rayburn ko da bai san mai sunan ba, domin shi aka laƙaba wa babbar hanyar nan ta biyan kuɗi da ta ratsa tsakanin Plano da Frisco ta nufi McKinney. Yayana, wanda ya daɗe yana aikin jinya a can, ita yake bi safe da yamma. Da na tambaye shi ko wane ne mutumin, sai ya ce, "Wani tsohon gwamnansu ne, ina ji." Ba gwamna ba ne. Ɗan majalisar tarayya ne da ya wakilci mazaɓa guda a Texas tun daga 1913 har ranar da ya mutu a 1961. Shekara 17 daga ciki yana kan kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, kuma har yau Amurka ba ta yi kakakin da ya kai shi daɗewa ba.

Ni ta wata hanya dabam sunan ya zo mini. Ranar 26 ga Yuli, 1961, lokacin da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a zauren Majalisar Wakilan Amurka, kakakin majalisar shi ne wannan dattijo mai sanƙo, yana da shekara 79, kwanansa a duniya saura ƙasa da wata huɗu. Saboda haka da ranar hutun Yaya ta zagayo, na ce ya kai ni Bonham, garin Rayburn. Ya ce ba ya jin akwai abin kallo a can ban da shanu, amma dai ya ɗauko makulli.

Tazarar Bonham daga Dallas wajen kilomita 120 ce, arewa maso gabas. Har Melissa sababbin unguwanni ne iri ɗaya, gida kamar gida. Ana wuce nan sai ƙasa ta buɗe: makiyaya, dammunan ciyawa a naɗe a tsakiyar fili, tankunan ruwa masu dogayen ƙafafu ɗauke da sunayen garuruwa, da ƙananan majami'u na katako. An yi ruwa da daddare. A kusa da Trenton na ce ya tsaya in taka gefen wata gona, saboda na karanta labarin baƙar ƙasar wannan yanki. Taku uku na yi takalmina ya yi nauyi. Laka ce baƙa ƙirin, mai danƙo kamar an kwaɓa ta da ƙaro, ba ta karkaɗuwa sai an sa tsinke an ɓamɓare. Yaya ya ce, "Wallahi ba ka shigar mini mota da wannan." Na zauna a bakin titi ina kankarewa. Wanda bai taka ƙasar nan bayan ruwa ba, ba zai gane wata magana da ake yawan jingina wa Rayburn ba, cewa burinsa shi ne ya fitar da mutanensa daga taɓo, ya fitar da su daga duhu. Taɓon ba salon magana ba ne. Kafin a yi hanyoyin karkara masu kwalta, da damina ta kankama manomi ba ya iya fitar da keken dokinsa zuwa kasuwa, balle ya kai maras lafiya wurin likita.

Ba a nan aka haife shi ba. An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1882, a wata gona a gundumar Roane ta jihar Tennessee, shi ne na takwas cikin 'ya'ya 11. Mahaifinsa tsohon sojan doki ne na rundunar Kudu, wadda ta sha kashi a yaƙin basasa. A 1887 iyalin suka yi ƙaura zuwa gundumar Fannin, suka zauna a kan eka 40 ta auduga a Flag Springs. Eka 40 ga baki 13 ba dukiya ba ce. Abin da ya fi tunawa daga yarintarsa ma ba yunwa ba ne, kaɗaici ne: ya sha ba da labarin yadda yakan hau kan shinge ranar Lahadi yana addu'ar Allah ya sa wani ya wuce bisa doki ko a keke, don dai ya ga sabuwar fuska. Yana yaro ya hau alfadari ya je Bonham cikin ruwan sama don ya saurari ɗan majalisar yankin, Joseph Weldon Bailey, ya tsaya a bakin rumfa har aka tashi. Tun daga ranar ya ƙulla a ransa cewa majalisa zai je. Da zai tafi kwalejin horon malamai da ke Commerce, uban ya damƙa masa dala 25. Sauran kuɗin makaranta da share ajujuwa da kaɗa ƙararrawa ya biya. Ya koyar na ɗan lokaci, ya ci zaɓen majalisar jiha a 1906, ya karanta lauya, ya zama kakakin majalisar Texas a 1911 yana da shekara 29, sannan a 1912 ya ci kujerar Washington.

Bonham ƙaramin gari ne, mutanensa wajen 10,000, da tsohon ginin kotu na dutse a tsakiyar dandali. Mun fara da gidan tarihin da shi da kansa ya gina a matsayin laburare, farin gini na marmara mai ginshiƙai, wanda ya yi wa garin girma ƙwarai. Da dala 10,000 ta wata lambar yabo da mujallar Collier's ta ba shi ya aza harsashin asusun ginin, aka buɗe shi a 1957, tsohon Shugaba Truman na cikin mahalarta. A ciki akwai mumbarin marmara da aka yi amfani da shi a zauren majalisa sama da shekara 90 kafin a sauya shi, da kwafin ofishin kakaki na Washington, da tarin gudumomi na katako irin waɗanda kakaki ke bugawa a zauren majalisa. Yaya ya tsaya gaban gudumomin ya ce, "Wannan duk na mutum ɗaya ne? Ko maƙeri ne?"

Ɗaya daga cikin bugun gudumar nan ya shiga tarihi. A watan Agusta na 1941 aka kawo ƙudirin tsawaita wa'adin matasan da aka ɗauka aikin soja na dole. Jama'a ba sa son yaƙin Turai, 'yan majalisa kuma suna tsoron iyayen yaran. Rayburn ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Da aka ƙirga, 203 sun amince, 202 sun ƙi. Kafin wani ya sake tunani ya sanar da sakamako ya buga guduma, masu adawa suna ihu. Bayan wata huɗu Japan ta kai hari Pearl Harbor. Da ƙuri'a ɗaya ta sauya, da harin ya tarar da rundunar Amurka tana sallamar sojojin da ta gama horarwa. Wasu za su ce wayo ya yi. Wayon ne, amma bai karya ƙa'idar zaure ba, ya dai fi kowa saninta.

Duk da haka, a ganina aikinsa mafi nauyi ya zo kafin kujerar kakaki, tsakanin 1931 da 1937, lokacin da yake shugabantar kwamitin kasuwanci. Kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, talakawa sun yi asarar ajiyarsu a hannun dillalan takardun banza. Ta kwamitinsa aka fitar da dokar 1933 da ta tilasta wa mai sayar da hannun jari ya bayyana gaskiyar kamfaninsa, da ta 1934 da ta kafa hukumar sa ido kan kasuwar. Sai babban faɗan 1935 da kamfanonin da suka mamaye harkar lantarki. Tsarinsu shi ne kamfani ya mallaki kamfani, shi ma wani ya mallake shi, hawa-hawa, har 'yan tsiraru a New York da Chicago su riƙe wutar jihohi da dama da ɗan jari kaɗan, kowane hawa yana yankar rabonsa daga kuɗin da mai gida ke biya. Da ƙudirin rusa wannan tsari ya zo, sai wayoyin tangaraho suka yi ta kwarara majalisa, wai daga talakawa masu adawa. Binciken Sanata Hugo Black ya gano cewa a garin Warren na Pennsylvania daga kundin sunayen mazauna gari aka kwafo sunayen, masu su ba su ma sani ba. Dokar ta wuce.

A 1936 shi da Sanata George Norris na Nebraska, wanda shi ma ɗan gona ne, suka ɗauki nauyin dokar kai lantarki karkara. A lokacin, cikin gonaki goma a Amurka ɗaya ce kawai ke da wuta, alhali birane sun wadata. Kamfanoni sun ce ba riba a ja waya mil guda saboda gida biyu ko uku. Dabarar dokar ita ce gwamnati ba ta raba wuta kyauta ba, kuma ba ta jira kamfani ya ga dama ba. Manoman yanki za su kafa ƙungiyar gama-kai, kowa ya biya dala 5 ta shiga, gwamnati ta ba ƙungiyar rance mai sauƙin ruwa na dogon zango, su kafa turaku su ja waya, su riƙa biya daga kuɗin wata. Wayar tasu ce, bashin nasu ne, don haka ba mai barin ta lalace. Zuwa farkon shekarun 1950 kusan gonaki tara cikin goma sun samu wuta. Abin da hakan ke nufi a gidan manomi shi ne famfo a maimakon guga, da injin wanki a maimakon tafasa kaya a tukunya a tsakar rana, da dutsen guga da ba sai an ɗora shi a murhu ba. Mata ne suka fi kowa hutawa. Rayburn ya ga mahaifiyarsa tana wannan wahala da 'ya'ya 11, ba rahoto aka kawo masa ba.

Gidansa yana bakin hanya, yamma da gari kaɗan. Bene ne fari na katako da ya gina a 1916 a kan eka 121, ya zauna da iyayensa da 'yan'uwansa. Hukumar tarihi ta jihar ce ke kula da shi yanzu, kuma kayan ciki na iyalin ne na asali. Matar da ta zaga da mu ta nuna mana ɗakinsa a sama: gado, tufafi, takalman kiwo, sirdi. Ba wani abu da zai nuna maka mai ɗakin yana cikin mutane uku mafiya ƙarfi a ƙasar. Ya yi aure sau ɗaya a 1927, auren bai kai wata uku ba ya mutu, bai sake ba, bai kuma haihu ba. Yayarsa Lucinda, wadda kowa ke kira Miss Lou, ita ta riƙe gidan har rasuwarta a 1956. Idan majalisa ta tafi hutu yakan dawo ya tuɓe kwat ya sa kakin aiki, ya shiga akori-kura ya je duba shanunsa. Mai koke ba ya bukatar takardar izini, gida yake zuwa.

A garejin bayan gida aka ajiye baƙar Cadillac ƙirar 1947, doguwa, tana sheƙi. Yaya, da tun safe yake hamma, nan ya farfaɗo, ya zaga ta sau biyu yana leƙen sitiyari. Labarinta shi ne, da jam'iyyar Dimokurat ta faɗi zaɓen 1946, Rayburn ya sauka daga kujera, motar ofis ta tafi da kujerar. 'Yan jam'iyyarsa a majalisa suka so su saya masa wata, shi kuma yana da ƙa'idar ba ya karɓar kyautar da ta wuce dala 25. Sai suka yi karo-karo, kowa dala 25. Yaya ya yi dariya ya ce, "To ai an zagaye dokar." An zagaye ta, gaskiya ne. Amma mutumin ya yi suna a tsabtar hannu tun yana majalisar jiha, lokacin da abokan aikinsa na ofishin lauya suka kawo masa kasonsa na kuɗin da kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ke biyansu, ya ce ba zai karɓa ba tunda yana yin dokokin da suka shafi kamfanin. Da ya mutu, bayan shekara 48 a majalisa, tsabar kuɗin da aka samu a asusunsa wajen dala 26,000 ne, sauran abin da ya bari galibi filaye ne.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Yana da wani ɗaki a ƙasan ginin majalisa inda yake tara na hannun damansa bayan an tashi, a sha barasa a yanke abin da za a yi gobe. A ɗakin nan Truman yake ranar 12 ga Afrilu, 1945, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, aka kira shi fadar White House aka shaida masa Shugaba Roosevelt ya rasu. Shawarar da yake ba sababbin 'yan majalisa ita ce in kana son a tafi da kai, to ka bi. Mai kunnen ƙashi yakan tsinci kansa a kwamitin da ba ya tsinana wa mazaɓarsa komai. Kuma duk da attajiran mai na Texas sun sha zuba kuɗi don su kayar da shi, ya tsare musu rangwamen da ya yafe musu haraji a kan kashi 27.5 cikin 100 na kuɗin da rijiyoyin mai ke kawo musu, yana tace masu shiga kwamitin haraji don kada a taɓa shi. Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, a hannunsa ya taso.

Mun ci soyayyar tarwaɗa a wani ɗan gidan abinci kusa da dandali. Wani tsoho mai hular kamfanin takin zamani da ke teburin gefe ya tambaye mu daga ina, da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce kakansa bai taɓa zaɓen kowa ba sai Mista Sam. Shi kuwa, in ji shi, Rifablikan yake yi. Ba shi kaɗai ba ne, a zaɓukan shugaban ƙasa na baya-bayan nan gundumar Fannin takan ba Rifablikan sama da kashi 80 cikin 100. Na tambaye shi wa ke ba shi wuta. Ya ce ƙungiyar gama-kai ta gunduma, kamar yadda take ba mahaifinsa.

Maƙabartar Willow Wild ba ta da nisa, mun leƙa muka wuce. Ciwon daji ne ya kashe shi ranar 16 ga Nuwamba, 1961. A farkon shekarar ya yi faɗansa na ƙarshe, ya faɗaɗa kwamitin tsara muhawara daga mutum 12 zuwa 15 don ya karya riƙon da Howard Smith na Virginia ya yi wa ƙudirorin Shugaba Kennedy, ya ci da 217 a kan 212. A jana'izarsa a wata majami'ar Baptist ta Bonham, Kennedy da Johnson da tsofaffin shugabanni Eisenhower da Truman suka zauna a jere.

Tambayar da ta riƙa cin raina tun daga gidan ita ce: da ya ce "mutanena", su wa yake nufi? Don haka na ce mu biyo ta Sherman, wajen rabin sa'a yamma da Bonham, gari ne na mazaɓarsa. A nan, ranar 9 ga Mayu, 1930, ana shari'ar wani baƙar fata ɗan ƙwadagon gona, George Hughes, bisa zargin ya yi wa wata farar fata fyaɗe, gungun fararen fata suka cinna wa kotun wuta yana kulle a ɗakin ajiyar takardu na ƙarfe. Suka fasa suka fito da gawarsa, suka ja ta a mota zuwa unguwar baƙaƙe, suka rataye ta suka ƙona, suka bi shagunan baƙaƙen fata da wuta. Sai da Gwamna Dan Moody ya kafa dokar soja. Kotun da ke dandalin a yau wadda aka gina daga baya ce. Mun tsaya a gabanta, Yaya ya ce shekarunsa nawa yana wucewa ta garin nan bai taɓa jin wannan ba.

Rayburn na cikin 'yan majalisar Kudu da suka yi adawa da ƙudirorin tarayya na hana irin wannan kisan gilla. Daɗewar da ta ba shi ƙarfi ma ba ta rabu da wannan tsari ba. Texas jihar jam'iyya ɗaya ce a lokacin, zaɓen fid da gwani na Dimokurat shi ne zaɓe, kuma an hana baƙaƙen fata shiga cikinsa har sai da Kotun Ƙoli ta soke hanin a 1944. Ga harajin zaɓe da aka kafa tun 1902, wanda ya kori baƙaƙe da talakawan farare da yawa daga rumfa. Ɗan majalisar da ba ya fuskantar jam'iyyar adawa yana tara shekaru, shekaru kuma su ne ke ba da shugabancin kwamiti. Ta haka 'yan Kudu suka riƙe majalisa. Daga baya ya sassauto: bai sa hannu a takardar 1956 da 'yan majalisar Kudu kusan 100 suka fitar don ƙin haɗa yara farare da baƙaƙe a makaranta ba, kuma a ƙarƙashin gudumarsa dokokin 'yancin jama'a na 1957 da 1960 suka wuce. Ni dai ina ganin sassaucin ya zo a makare, kuma lissafin jam'iyya da burin Johnson na shugabanci suna da hannu a ciki. Yaya ya ce in yi masa adalci, da ya fito fili tun 1930 da bai kai 1936 a kujera ba, da wutar ma ba ta zo ba. Muka yi ta ja har Denison, ba wanda ya sauka.

Denison, garin da aka haifi Eisenhower a 1890, yana bakin Kogin Red, iyakar Texas da Oklahoma. A nan madatsar da Rayburn ya shekara da shekaru yana nema take, aka amince da ita a dokar hana ambaliya ta 1938, aka gama a 1944, har fursunonin yaƙi Jamusawa sun yi aikin sare dajin da ruwa zai rufe. Tudu ne na ƙasa mai tsawon gaske, hanya ta bi ta kansa. A hagu tafkin Texoma, eka wajen 89,000, cike da jiragen masu kamun kifi, a dama kogin yana fita ta ƙarƙashin injinan wuta. Gwamnan Oklahoma na lokacin, Leon Phillips, ya yaƙi aikin har Kotun Ƙoli, yana cewa gonakin jiharsa mafiya albarka ne za su nutse don amfanin Texas, ya sha kaye a 1941. Garuruwa irin su Hagerman da Preston da Woodville suna ƙarƙashin ruwan nan, mazaunansu kuma manoma ne irin waɗanda Rayburn ya fito cikinsu, an biya su diyya an ce su tashi.

Muka tsallaka ɓangaren Oklahoma don kawai in ce na taka jihar, muka yi la'asar a gefen wurin ajiye motoci, wani mai kamun kifi yana satar kallonmu. Yaya yana da aikin dare, don haka muka kama babbar hanya ta 75 muka yi kudu.